Tsakar Gida Mai Rufin Gilashi

Glasgow, Nuwamba 1987

Yaya Lauratu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Inna? An gama cire gyaɗa a Beli?

Ina nan ƙalau, sai dai da farko nakan wuni ban yi magana da kowa ba, don mutanen nan ba sa gaisawa. Amma makarantarmu tana da tsakar gida mai rufin gilashi, kowa ta nan yake bi. Sai na mai da ita zaure: in zauna, in kwance ƙuli-ƙulinki, duk wanda ya gifta in ce bismilla. Suka yi ta kallona kamar taɓaɓɓe. Yanzu kuwa benci ba ya ɗaukarmu, har da wani tsohon farfesa da ya kusa barin haƙorinsa a ciki.

Don Allah ki aiko da wani, mai laushi, saboda tsohon. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Barau