Izinin Gonar Misis Gotts

Norfolk, 11 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Tamsin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana shiga. Mamarki na gaishe ki.

Kakanki ne ya sa na ɗauki alƙalami. Misis Gotts ta shuka wake, hasbiyoyi sun sauka a gonar kamar an gayyace su. Ta ce in ba a yi maganinsu kafin Lahadi ba, za ta ba wasu izinin harbi. Shekara arba'in da ɗaya ke nan wannan izini yana hannunsa, ga shi tun da ya faɗi, kafaɗarsa ba ta jure dukan bindiga. Ni ya ce in yi harbin, ni malamin makaranta da na fi sanin alli!

Yau bai yarda mun ɗauki bindiga ba. Wuni muka yi a gindin shinge da filas ɗin shayi, yana kallon sama kawai. Wai hasbiyoyi ma suna da hanyarsu, in ba ka gano ta ba, ɓarnar harsashi za ka yi. Kafin yamma ya nuna mini ita, daga kurmi zuwa busasshiyar bishiya. Ni ban ga komai ba sai da ya nuna.

Ki riƙa cin abinci.

Babanki,
Clive

13 ga Afrilu

'Yata Tamsin,

Da fatan wannan ta same ki lafiya.

Jiya na riga kakanki zuwa gonar, na jera hasbiyoyin roba layi-layi, tsaf, don su yaudari na gaske su sauko. Awa guda ko ɗaya ba ta sauko ba. Da ya iso, dariya har da tari. "Malam, jarrabawa za su rubuta?" Ya bi su da sandarsa, ya juya bakin kowace wajen iska, wai haka suke kiwo. Ya warwatsa su, ya bar fili a tsakiya inda baƙi za su sauka. Muka shige maɓoya.

Tamsin, sai ga su! Ya dafa gwiwata, yana raɗa "Jira, jira, yanzu." Duk wadda ta faɗi rigingine sai ya tura ni in kife ta, kada 'yan'uwanta su tsorata. Na kuskure da yawa, amma ashirin da uku sun faɗi, sauran suka bar gonar.

Da Misis Gotts ta zo, bai ɓoye mata ba, ya ce ko sau ɗaya bai harba ba. Ta ce, "Tsoho, masu harbi sun cika gari. Wanda ya san inda za su sauka nake nema." Izinin yana nan.

A hanyar gida na ɗauka zai yaba mini. Sai ya ce in tambaye ki ranar da za ki zo hutu, ya koya miki, don ni, in ji shi, na makara.

Naki har kullum,
Baba