Gorar Lemo a Bayan Littattafan Yara

Baban Walida,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka amsa ba, kuma na san wannan takarda ba za ta taɓa zuwa hannunka ba. Amma dole in rubuta. Duk wanda na buɗe baki zan yi wa magana sai ya ce in yi haƙuri, ba a ambaton mamaci sai da alheri. To ni kuma maganar da ke cina taka ce, wa zan gaya wa in ba kai ba?

Bari in fara da abin da za ka fara tambaya. Hafsa tana raye. An sallamo mu daga asibiti, tana nan kwance kusa da ni, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, muryarta ta dushe, ko kunu sai da lallashi take haɗiya. Walida lafiyarta ƙalau, sai dai ta daina magana sosai. Tumatir ɗin da ka bari a gona wanka Yaya Garba ya cire, ya ce tsutsa ta cinye rabi. An saki ruwa a kanal, kowa ya koma dashe. Ni ce kawai a ɗaka ina takabarka, kuma gobe 'yan'uwanka za su zauna a zauren Yaya Garba su yanke ko za a bar min 'ya'yana ko za a mayar da su ɗakin Inna. Mahaifiyarka ta ce ni mai sakaci ce, ba za ta zuba ido in kashe mata jikoki ba.

Ka ji ko? Ni ce mai sakaci. Ni!

Ka tuna ranar da na ga gorar lemo a kan kanta, tsakanin omo da kananzir da sabulun wanka? Na ɗauka na buɗe, warin ya buge ni har sai da na yi tari. Maganin feshin tumatir ne, irin wanda kuke saya awo-awo a zuba muku a gorar da aka shanye lemonta. Ranar mun yi faɗa har maƙwabta suka jiyo mu. Na ce ka fitar min da shi daga ɗaki, nan yara suke kwana, nan nake ajiye kayan wanki da na miya. Ka ce tsada gare shi, in ka bar shi a zaure Yaya Garba zai ara ya ƙarar, in ka bar shi a gona a sace. Na ce ko a rijiya za ka jefa shi ba ruwana, ni dai kada in sake ganinsa. Washegari ka dube ni ido cikin ido ka ce ka kai shi gona. Na yarda da kai. Me zai hana in yarda?

Ashe ba ka kai shi ko'ina ba. Sama ka ƙara da shi. Ka tura shi can saman kanta, ka jera littattafan yara a gabansa.

Haba Baban Walida! Duk faɗin gidan nan ka rasa inda za ka ɓoye guba sai bayan littattafan da kai da kanka ka koya wa yaran nan so? Kai ne fa duk ranar da ka shiga birni ba ka dawowa sai da ɗan littafi a aljihu, mai hoton raƙumi, mai hoton jirgin ƙasa, wani ma bangonsa ya cire amma ka ce cikinsa lafiya lau. Abokanka na gona suna yi maka dariya, wai manomin tumatir ya zama hedimasta. Ba ka damu ba. Ka dawo ƙafarka duk laka, ka yi wanka, ka zauna a tabarma bayan la'asar, Hafsa a cinyarka, Walida a kafaɗarka, kana bin rubutu da yatsa kana haɗa baƙi da ƙyar, in Turanci ya gagare ka sai ka ƙirƙiro naka labarin daga hoton. Ni ina gefe ina tankaɗe ina dariya. Wallahi a lokacin ko matar gwamna ban ɗauka ta fi ni dace ba.

Kuma kai ne ka ce a mayar da littattafan sama, saboda danshin ƙasar nan tamu da gara. Kai ne ka nuna wa Walida yadda za ta kifa turmi ta taka ta ɗauko. Hafsa tana tsaye tana kallo. Kana tsammanin ba za ta gwada ba? Yarinyar da ko akuya ta gani a kan katanga sai ta ce ita ma za ta hau?

Sai ka tafi kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da kwandunanka, motar da ka shiga ta yi haɗari a hanyar Zariya, aka dawo min da kai a kwance. Ka tafi da maganar gorar nan a cikinka. Makonni muna kwana da ita a saman kanmu, ni da marayunka, ban sani ba. Ko hannu ban kai wa littattafan ba, don in na kalle su kuka nake yi.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Ina tsakar gida ina wankin kayan makarantar Walida, na shiga na ɗebo omo na fito, na bar Hafsa tana wasa a bakin ƙofa. Ban ji jan turmi ba. Abin da na ji kawai tari ne, wani irin tari da ban taɓa ji ba. Na shiga na tarar da ita a ƙasa, littafin raƙumi a gefenta, gorar a buɗe, yawu yana dalala daga bakinta, jikinta yana rawa. Warin nan na ranar faɗanmu ya cika ɗakin. Kafin in ɗaga ta na riga na san ko mene ne, na kuma san wanda ya ajiye shi.

Ihun da na yi ne ya tara mutane. Inna ta zo da gudu ta ƙwace ta daga hannuna, ta matse mata hanci ta ɗura mata manja, wai shi ke kashe dafi. Yarinya tana shaƙewa ana ƙara mata. Na fizge 'yata na yi waje, ko takalmi babu, na tare mai babur a bakin kanal. Daga asibitin Kura aka tura mu birni. Likita ya ce manjan da aka ɗura mata ya gangara ƙirjinta, ya ƙara mata wahala a kan wahala. Na zauna a bakin gadonta ina kallon roba a hancinta, ina roƙon Allah, ina kuma zaginka a zuciyata. Eh, na zage ka. Ban taɓa yi ba kana da rai, sai da ka mutu.

Ka san abin da na tarar da muka dawo? Ba a maganar manja. Ba a maganar gora. Maganar da ake yi a gari ita ce mai takaba ta fita titi ba mayafin kirki, ta hau bayan babur ɗin ƙato. Malam Liman da kansa ya ce lalura ce, babu laifi, amma bakin mata bai rufu ba. Sannan Inna ta ce ai ni ce na sayo maganin sauro na zuba a gora na manta, wai dama matan yanzu ba su da aiki sai tara tarkacen kanti. Ni da ko maganin sauro na kunnawa ba na sawa sai yara sun fita!

Yaya Garba kuwa ya sani sarai. Shi ya ɗauki gorar daga ƙasa ranar. Maƙwabciyarmu ta ga lokacin da ya juya ta, ya ga tsumman da kake ɗaurawa a wuyan duk gorar maganinka, ya sa ta a aljihu ya fita. Har yau bai ce uffan ba. Yana kare sunan ƙaninsa. Ni kuma da ba ƙanwar kowa ba ce a gidan nan, sai a ɗora min.

Ni ma na yi shiru, ka sani. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce Allah ya jiƙan mai littattafai, uban da babu irinsa. Walida tana jin haka sai fuskarta ta ɗan saki. Ta yaya zan buɗe baki in ce uban nan da babu irinsa shi ya kusa kashe ƙanwarta? Ga shi yarinyar nan ta ɗauka laifinta ne, don a wurinta Hafsa ta ga hawan turmi. Jiya na same ta ta kwashe littattafan duka ta cusa a buhun taki za ta kai juji. Na karɓe na mayar ɗaki, na jera su a ƙasa a kan tabarma, gara ta ci in za ta ci. Ka ga abin da ka jawo? Yarinyar da take kwana da littafi a ƙarƙashin filo yanzu tsoronsa take ji.

Me ya sa ka yi min ƙarya? Abin da nake ta tambaya ke nan. Da ka ce min ka ƙi fitar da shi, da na ci gaba da masifa har sai ka gaji. Da na jira ka fita na ɗauka na kai wa Yaya Garba kyauta. Maganin tsutsa ya fi maka kwanciyar hankalina? Ko kuwa gani ka yi mace ce, a faɗa mata abin da zai rufe mata baki a wuce wurin? Na san ba mugunta ka yi ba. Na san da kana nan da kai za ka riga ni fita titi ba takalmi. Wannan ɗin ne ma ya fi ƙona min rai, don ba ka nan, ka bar ni ni kaɗai da aikin hannunka.

To ka ji abin da zan yi. Gobe in an zauna, zan sa hijabina in tsaya a bakin zaure, a gaban Inna da Malam Liman, in faɗi wanda ya sayo maganin, da wanda ya ɓoye shi, da wanda ya ce min ya kai shi gona. Zan ce Yaya Garba ya fito da gorar, in ya ƙi a ba shi Alƙur'ani. Inna za ta yi kuka, za a ce na tona asirin mamaci tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Su faɗa. Kai sunanka ne kawai zai taɓu, ni 'ya'yana za a ɗauke. Kuma Walida za ta ji daga bakina cewa ba ita ba ce.

Ina yi maka addu'a kowace salla, wannan ban fasa ba kuma ba zan fasa ba. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Ranar da za a fita da kai an ce in matso in yafe maka, na matso na ce na yafe duniya da lahira, da zuciya ɗaya na faɗa. Amma ranar ban san da gorar nan ba, Baban Walida. Ba ta cikin abin da na yafe. Wannan sai ranar da Hafsa ta tashi da ƙafarta ta cinye tuwo ba tare da ta yi tari ba, sannan in duba.

Ka huta lafiya.

Matarka da ka bari da aiki,
Rabi