Furen Kuɓewa a Zanen Gado

Ƙaura Namoda,
20 ga Agusta, 2000.

Zuwa ga ƙanwata Karima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Atiku da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a Ibadan. Mu nan sai godiya, damina ta yi kyau, gero ya fid da kai. Inna tana Zurmi, ƙafar ta yi sauƙi har tana fita unguwa.

Na ga wasiƙarki da zanen da kika sako a ciki. Ki yafe mini, sai da na yi dariya, don fulawar nan taki kamar an zauna mata. Amma hannunki yana da kyau, kada ki ce za ki bari. Tsaya ma in ba ki labari, tun jiya bakina ya ƙi rufuwa don murna.

Kin san shekara goma sha biyu da ɗawisu aka san ni, shi nake zanawa a zanen gado da rigar filo, mata su bi da zare. To, tun da aka ƙaddamar da Shari'a mata suka fara jin nauyin shimfiɗa hoton mai rai a ɗaki. Ba wanda ya zo ya hana ni, aiki ne kawai ya ɗauke. Na koma kwaikwayon fulawar jikin kwanon samira, aka ce duk iri ɗaya ce, ba armashi. Wallahi na yi kuka, har na fara tambayar yadda ake sarin gyaɗa. Ana cikin haka Hajiya Zainabu ta Shinkafi, wadda ke sarin kayan ɗaki, ta aiko da yadi guda. Ta ce in ya yi mata za mu ci gaba, in bai yi ba ta samu wani mai zane a Gusau.

Kwana uku ina ɓata takarda. A na huɗu na zaga bayan ɗaki in tsinko kuɓewar miya, sai idona ya faɗa kan furenta. Karima, kunne biyar ne, ruwan ɗorawa mai haske, cikinsa ja wur kamar an ɗiga zoɓo. Na tsinko shi na aje a faifai, na zauna ina kallo ina zanawa har miyar rana ta makara.

Shawarar da kika nema ke nan. Ki daina zana abin da ke kanki, ki aje abin a gabanki ki kalle shi sosai. Ki fere fensir da reza, bakin ya yi tsawo, ki fara da layi marar nauyi kamar kina tsoron takardar. Kada ki riƙa gogewa, in ya karkace ki sake wani a gefensa, a nan za ki ga inda kika kuskure. Takardar buhun siminti ta ishe ki koyo. In kina son gefe biyu su daidaita, ki zana rabi, ki ninke takardar, ki murza da bayan cokali. Ki kuma haska zanen a madubi, ba ya rufa wa karkata asiri. Sannan kullum ki yi ko kaɗan ne, da safe kafin daka, don hannun da ya sha taɓarya rawa yake yi.

Jiya Hajiya ta zo da kanta. Na shimfiɗa mata yadin da na zana furen a kai. Ta yi ta bin sa da kallo daga gefe zuwa gefe, har na fara naɗe tabarma a zuciyata. Can ta sa yatsa ta ƙirga kunnuwan furen, ta ce shekara arba'in tana tsinkar kuɓewa tun tana yarinya a Katuru, ba ta taɓa tsayawa ta dubi furenta ba sai a kan yadina. Ta bar mini yadi ashirin, ta ce tana son na auduga da na yakuwa da na kabewa kafin kaka. Da ta fita na shiga ɗaki na yi sujada, na taso ina dariya ni kaɗai. Yayanmu Namadi ya leƙo yana tambaya ko lafiya, na ce masa gyaɗa ta rasa mai talla.

Ki gaishe da Malam Atiku, da Jamilu, da takwarata. Yarana Asiya da Mubaraka suna gaishe ki. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Saude.