Darbejiyar Bayan Kicin

Laraba

Zuwa ga Uwar Yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan gajiyar hanya ta sake ki. Ya ƙarfin jikin Auta? Ya sabon abokina? Ki gaya masa kakansa ya ce ya rage kuka, ya bar uwarsa ta huta.

Saƙonki ya iso ta bakin mijin Auta, wai ba za ki dawo ba sai na sare darbejiyar bayan kicin. Da farko dariya na yi. To shekaranjiya aka yi iska da la'asar, wani reshe ya karyo, ya lotsa kwanon kicin, ya tsinke igiyar shanyarki. Tela maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya ce, shekara talatin ina sare wa mutane itatuwa, nawa kuwa sai ya sare ni. Na ƙwanƙwasa gindinta da bayan gatari, sai na ji tana amsawa kamar ganga. Gara ta cinye cikin. Kuma ta karkata ne wajen ɗakin da 'ya'yan Tela ke kwana.

Akwai maganar da na kasa faɗa miki baki da baki, takarda ta fi mini sauƙi. Gwiwata lafiyarta ƙalau. Tun faɗowar da na yi shekara huɗu da suka wuce ban sake hawa itace ba. Aikin ƙasa kawai nake karɓa, na sama in ce gwiwa ta hana. Jiya na ɗaura ɗamarar hawa, na jingina tsani, na taka hawa uku, na kasa ƙara ko ɗaya. Na sauko na zauna a kan turminki har aka kira magariba. Tsoro ne, Uwar Yara. Shi ya sa kullum nake ce miki gobe.

Ki gaishe da mutanen gidan duka.

Mijinki,
Mai Zarto

Asabar

Uwar Yara,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, ke da Auta da ɗan baƙonmu. Ni dai kafaɗuna na ciwo, amma ban taɓa jin daɗin ciwo irin wannan ba. An sare ta.

Wurin Dogo na je. Kin tuna shi, wanda ya koyi aiki a hannuna, mai cinye miki ƙanzon tukunya. Yanzu magidanci ne, har da furfura a gemu, da motar aiki tasa. Sau uku na wuce ƙofar shagonsa kamar mai neman wani gida, kafin ya fito ya kamo hannuna. Na fara kame-kame. Bai tambaye ni dalili ba. Ya ce, "Maigida, ni zan hau, amma ba zan yanka ko tsinke ba sai inda ka nuna."

Kin san wurin, tsakanin kicin da katangar Tela ko taku biyar babu. Ba a kayar da irinta gaba ɗaya, sai dai a sauke ta gunduwa-gunduwa da igiya. Muka fitar da iyalin Tela waje, matarsa ta shimfiɗa tabarma a bakin titi, nan da nan 'yan kallo suka taru.

Dogo ya hau. Da ya kai babban reshen da ya miƙa kan ɗakin Tela, ya ɗaura igiyar jikinsa a nan. Daga ƙasa na hango wani siririn layin ƙasar gara a ƙarƙashin reshen, inda idonsa ba zai kai ba. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba, irin wadda nake yi masa yana sabon shiga. Ya kwance, ya mayar da igiyar jikin gangar itacen. Daga baya zarto na taɓa reshen nan, ko rabi bai shiga ba, ya ɓalle da kansa ya rataye a igiyar saukewa. Dogo ya dube ni daga sama, ya cire hular kwano, ya share gumi.

Daga nan muryata ta dawo. Yanka nan, sassauta can, ja hagu. Ina riƙe da igiya, kowace gunduwa tana sauka inda na ga dama, ko ganye bai taɓa rufin Tela ba. Da muka yanke gindin, kogon cikinsa babban mutum zai zauna ya naɗe ƙafa. Itacen kirki bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. A kan wannan kika shekara kina girki a ƙarƙashinta. Ki yafe mini.

Tela ya rantse sai ya ɗinka mini riga, ya auna ni a tsaye ina fama da dusar katako a gashi.

Naki,
Mai Zarto

Talata

Uwar Yara, farin cikin gidana,

Ina amsa gaisuwarki, na kuma gode Allah da jin cibiyar yaron ta warke. Wasiƙarki ta zo jiya, zan zo kanta.

Saura kututture. A zamaninmu kwana uku za mu yi muna haƙa da diga. Dogo ya zo da injinsa mai faifan ƙarfe da haƙora. Injin ya ƙi shiga ƙofarmu, sai da muka cire ƙyauren. Kada ki damu, na mayar, har ƙarar nan tasa ta daina.

Na ce ya ba ni in gwada. Ya toshe mini kunne, ya sa mini gilashi, ya tsaya a bayana yana cewa, "A hankali, Maigida, kada ka cika masa baki." Da na yi gaggawa injin ya mutu, sai ya harare ni irin hararar da nake yi masa a da. Muka yi dariya har na riƙe ciki. Kafin azahar kututturen ya zama gari. A nan muka gano saiwa ce ta fasa bututun ruwa, ita ke jiƙa miki bangon kicin. Na gyara.

Dogo ya ce mu haɗa aiki, shi a sama, ni a ƙasa. Na ce zan yi shawara da ke, amma gaskiya na riga na amsa.

Sai wasiƙarki. Ashe kin sani. Kika ce ke ke wanke wandunana, kuma shekara huɗu ba ki ga ɓawon itace ko ƙaro a cinyarsu ba. Kika ce ba ki taɓa nufin ni in hau ba, so kike in buɗe baki in nemi taimako. Na karanta wurin nan sau uku. Ina ta ɗingishi a gabanki da ƙafa mai lafiya, har kina dafa mini ruwan gashi, kina matsa mini gwiwa, ba ki ko murmusa ba. Wace irin mace ce ke?

Yanzu rana na shiga kicin tun da hantsi, ta tona asirin duk tukwanen da na ɓata. Na wanke su, ban da guda ɗaya da ta fi ƙarfina. Ki faɗa mini ranar da za ki taso, in zo tasha in tarye ki. Da ƙafa zan zo, kuma da sauri.

Mijinki mai kewarki,
Mai Zarto