Na kira jikana da sunan da ban taɓa faɗa ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku ji ni har ƙarshe tukuna. Ni tsohuwa ce, ban iya rubutu ba, maƙwabciyata malamar firamare ce ke rubuta abin da nake faɗi, na kuma ce mata kada ta rage mani ko kalma.

Muna zaune a wani ƙauye gefen Wurno. Malam mijina ya rasu bara, har yau in na kwashe tuwo sai in ga na ɗauko kwanonsa, in zauna in yi kukana, ba ni jin kunyar faɗi. Abu biyu ya bar mani, gonar albasa a fadama da ke shan ruwan kanal tun da aka yi dam ɗin Goronyo, da kuma jikanmu mai shekara goma sha shida. Ubansa ɗana ne, ya rasu yaron na goye, uwar ta yi aure can nesa, ni na raine shi. Sunan Malam aka sa mashi, shi ya sa ban taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda bakina bai taɓa furta na kakansa ba tun ranar da aka kawo ni gidan nan. Maigida nake ce mashi, shi kuma ya ce mani amarya, ya ce zai sake ni ya auro mai haƙora, in ce mashi wa za ta auri mijin da ko kuɗin cefane bai taɓa bayarwa ba. Haka muke, wasan jika da kaka.

Bayan rasuwar Malam kawunsa ya kawo mashi waya daga Sakkwato, wai don ya rage kewa. Cikinta akwai wani gem na harbe-harbe. Da farko na ji daɗi, don na ga ya fara dariya. Sannu sannu sai ya toshe kunnuwa da wasu igiyoyi, yana ta magana da mutanen da ba ni gani, yana cewa su tsare mashi baya. Tuwo ya huce a gabansa, a kira salla bai ji ba, makaranta sai ranar da ya ga dama. In wayar ta mutu ya taka har bakin kasuwa wurin masu caji, ya wuni can. Na yi faɗa iya faɗa, amma faɗan kaka wasa ne a kunnen jika, in na ɗaga murya sai ya ce amarya kishi take da waya, ya ci gaba da latsawa.

Mu nan ruwa layi ne, kowa da ranarsa, in ka gama shayar da fangalinka ka toshe ka sakar wa na ƙasa da kai. Ranar layinmu yaron ya buɗe ruwa, ya koma gindin mangwaro ya kama gem. Ruwa ya cika, ya fasa kunya, ya shiga gonar maƙwabcinmu ya kwantar mashi da dashen albasa, na ƙasa kuma suka wuni ba su samu ba. Mutumin nan abokin Malam ne, da ya zo bai zage ni ba, kallona kawai ya yi, da ma zagin ya yi da ya fi mani sauƙi.

Nan ƙanen Malam ya shigo maganar, wanda yara ke ce wa Baffa. Ya ce goyon kaka ba ya yin albarka, ni na lalata yaron da wasa, ya riga ya yi magana da wani gidan mari inda ake ɗaure kangararru, gona kuma ɗansa zai riƙa nomawa. Na ce yaron nan bai sha ƙwaya ba, bai ɗauki kayan kowa ba, maraya ne da ya wanke kakansa da hannunsa, washegari aka miƙa mashi waya aka watse aka bar mu. Na tambayi Baffa sau nawa ya leƙo gidan tun sadakar arba'in.

Shekaranjiya da hantsi suka zo da babur, shi da ɗansa. Na jawo tabarma na zauna a bakin zaure, na ce sai dai su taka ni su wuce. Baffa ya ce in juya in ga abin da nake karewa. Na juya, wallahi yaron na zaune gindin rumbu, an zo tafiya da shi, yatsunsa na kan waya.

Ban san lokacin da sunan ya fito daga bakina ba. Sunan Malam, gatsal, gaban ƙanensa. Yaron ya cire igiyoyin kunnensa, ya taso ya durƙusa gabana.

"Inna, mi kika ce?"

Bai taɓa ce mani Inna ba. Ya ɗora wayar kan cinyata. Sannan Baffa ya ce ya ba mu zuwa layin ruwa mai zuwa, in aka sake ɓarna ba zai nemi izinina ba.

Yanzu wayar na ƙulle a bakin zanena. Yaron ba shi da sukuni, ya shiga ya fita, ya ce abokansa na jiransa, jiya har kuka ya yi yana roƙon in ba shi ko na ɗan lokaci, na hana, ni ma na shiga ɗaki na yi nawa. Wasu sun ce in jefa ta kanal, malama mai rubutun nan ta ce in riƙa ba shi bayan la'asar in karɓe da magariba. Ku da kuka san wannan abu, wanne ya fi? Akwai wanda ɗansa ya shiga ya fita? Mi kuka yi mashi, mi kuka sa a hannunsa a madadinta?

Wanda zai ce in miƙa shi gidan mari ya riƙe shawararsa, na gode. Jibi ne layinmu, zan dogara sandata in bi shi fadama in zauna bakin kanal har ya toshe ruwan. Amma ku taimake ni da dabarar da za ta ɗore, don sunan nan sau ɗaya na faɗe shi, ba ni kuma da ƙarfin sake faɗinsa.