Zane Uku a Kan Allo, Yayata Kuma Tana Jirana

Zuwa ga mai kula da wannan fili,

Don girman Allah ki karanta wannan takarda har ƙarshenta, ki agaza mini da shawara, domin na duba gabas da yamma ban ga wanda zan faɗa wa ba. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ne ya daina yi mini biyayya. A da ba haka yake ba.

Shekaruna saba'in da bakwai. Na yi shekara talatin da biyu a ofishin zane na ma'aikatar ayyuka, ina zana gine-gine da fensir da rula, tun zamanin da in ka ɓata layi ɗaya shugaban ofis zai yage takardar a gabanka. A can ban taɓa sanin tsara lokaci aiki ne ba. Ƙarfe takwas muna kan kujera, ƙarfe huɗu masinja ya rufe tagogi, kuma akwai mai ce maka yi wannan kafin wancan. Da na yi ritaya sai na kafa allon zanena a ɗakin da ke bakin ƙofar gidana, na shiga yi wa mutane zanen gida. Magina ne suka fi kawo mini aiki, da masu ƙaramin fili da ke jin nauyin shiga manyan ofisoshi. Ni ne shugaba, ni ne masinja. A nan na gane ban iya ko ɗaya ba.

Matata ta rasu shekara shida ke nan. Ɗanmu ɗaya yana wata ƙasa mai nisa, yakan kira a waya, yana ƙoƙari, ba ni da abin cewa a kansa. Amma gidan shiru yake. Har ƙarar firijin maƙwabta nake ji.

Ga inda matsalar take. Idona da hannuna ba sa aiki sai daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe sha ɗaya. Bayan nan layi ɗaya sai ya zama biyu, fensir ya riƙa rawa a yatsuna. Amma duk wanda ya kawo aiki ya tambayi yaushe zai dawo, bakina sai ya ce mako ɗaya. Shekara hamsin bakin nan yana faɗin haka, kuma a da gaskiya yake faɗa. Yanzu zane ɗaya yana cin mako uku in lafiya ta zauna. Kunyar faɗin haka nake ji. Ina ganin ranar da na ce mako uku, ranar za su gane tsoho ya ƙare, su kwashe takardunsu su kai wa masu kwamfuta.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni da kaina nake ce musu su riƙa leƙowa su ga yadda aiki ke tafiya. Ba don aikin yana bukatar idonsu ba, don in ji an ƙwanƙwasa ƙofa ne. Akwai wani magini da ake ce wa Dogo, in ya zo sai ya zauna a kan buhun da nake ajiye tsofaffin takardu, ya sha shayi kofi biyu, ya ba ni labarin duk wanda katangarsa ta karkace a unguwarsu, yana tsokanata wai rulata ta girmi ubansa. Ina dariya har ƙirjina ya yi ciwo. In ya tafi sai in duba agogo, sha ɗaya ta wuce, ban ja layi ko goma ba. Safiyar da nake da ita kaɗai, ita nake rabarwa da hannuna. Na taɓa zana jadawali, na ja masa layuka masu kyau da tawada kala biyu, na manna a bango. Kwana biyu na bi shi. Yana nan har yau, rana ta cinye kalarsa.

Yanzu zane uku ne a kan allona. Biyu na Dogo ne. Na ukun na wata malamar asibiti ce, baiwar Allah mai ladabi, wadda ta sayi ɗan fili tana so ta gina ɗaki uku ita da 'ya'yanta. An ba ta rana ta kai zanen ofishin ba da izinin gini, saura kwana goma sha biyu, in ta wuce sai ta sake bin layi daga farko. Na je filin na auna da kaina, na tsara komai da fensir, har inda rana za ta riƙa shiga ɗakin girkinta da safe. Saura in fitar da shi tsaf da tawada, kuma a lissafina wannan safiya tara ce cif, in babu wanda ya zo, in ƙafata ba ta kumbura ba. Sau biyu tana zuwa da kayan aikinta a jiki, ta tashi daga aiki ke nan, ina ce mata an kusa.

Duk wannan da sauƙi, 'yata. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne yayata. Ita kaɗai ta rage mini a cikin mu shida. Ita ta riƙe ni da mahaifiyarmu ta rasu, ita ke wanke mini rigar makaranta ɗaya tak da nake da ita, ta shanya, ta tsaya a kanta kada iska ta kayar. Shekarunta tamanin da biyar, tana wurin 'yarta a wani gari, tafiyar rabin yini a mota. Wata biyu ke nan tana kwance. 'Yar takan kira ni ta kara mata wayar a kunne, ita kuma ba ta da tambaya sai yaushe Auta zai zo. Har yanzu Auta take ce mini, da furfurata da sandata. Sau huɗu ina ce mata ranar Asabar. Duk Asabar ɗin da ta zo sai in dubi allo in ce bari in kammala wannan tukuna, sai wata ta zo.

Makon jiya da aka kara mata wayar, na gaishe ta, sai ta tambayi 'yarta wane ne. Sai da aka faɗa mata sau biyu. Daga baya 'yar ta ce mini, cikin ladabi, wai kawu in za ka zo ka zo, don hankalinta yana tafiya yana dawowa ne. Na ajiye wayar na zauna a gaban allo har azahar, ban taɓa fensir ba. Wannan safiyar ma ta tafi a banza.

In na tafi, na karya alkawarin baiwar Allah da ta amince da ni, kuma ban taɓa mayar da aiki ba a rayuwata. In na zauna na gama, ina tsoron in isa in tarar da jikinta kawai, ko ma in tarar ba kowa. Aikin nan kuma shi ke tashe ni daga gado, in na rasa shi ban san me zan tashi in yi ba. Ki gaya mini wanne zan saki, don hannuna ya gaza riƙe biyu.

Naki,
Tsoho mai rula

AMSA

Baba, na karanta takardarka sau biyu, kuma rubutun bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Allah ya jiƙan mama, ya ba Yaya sauƙi.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. Malamar asibitin tana da haƙƙi a kanka, kwana goma sha biyun nan ba wasa ba ne a wurinta. Kuma ba zan ce ka nannaɗe allo ka huta ba, don na ga aikin nan shi ke riƙe da kai. Tsoron da kake ji na ranar da ƙofa za ta daina motsi, tsoro ne na gaske, ba abin kunya ba ne.

Amma ka haɗa abu biyu da nauyinsu ba ɗaya ba. Zanen nan akwai wani hannun da zai iya ƙarasa shi. Zama a gefen gadon Yaya kuwa babu mai yi maka. Saboda haka ka tafi, kuma kada ka jira Asabar. Jibi da safe.

Gobe ka kira malamar ta zo, ka gaya mata gaskiya duka: yayarka na kwance, kuma aikin ya fi ƙarfin kwanakin da suka rage. Ka ba ta zanen fensir ɗin da duk awon da ka yi, ta kai wa mai kwamfuta ya fitar mata da shi cikin kwana biyu ko uku. Na san wannan zai yi maka ɗaci, Baba, amma ka duba da kyau. Tunanin gidan naka ne, kai ka taka filin, kai ka san inda taga za ta zauna. Abin da za ka ba wani jan layi ne kawai. Wannan ba mayar da aiki ba ne, ceton ranarta ne. Abin da zai cuce ta shi ne ka ci gaba da ce mata an kusa har lokaci ya ƙure. Mace ce da ke yini a kan marasa lafiya, ba na jin sai ka yi mata dogon bayani. In ma ranta ya ɓaci, tana da dalili, ka ba ta haƙuri, ka tafi abinka.

Dogo kuwa ka ce masa zanensa biyu sai ka dawo, ɗaya bayan ɗaya, wata guda kowanne. In yana sauri ya ɗauka. Mutumin da ke zama ya yi ta tsokanarka har shayi ya huce, ban yi tsammanin saurin hannunka ne ya zaunar da shi ba.

In ka dawo, gyara uku nake roƙonka, ba sai ka zana sabon jadawali ba, don wancan ka zana wa mutum ɗan shekara arba'in ne. Ka daina cewa mako ɗaya. Ka ce wata guda, domin kwanakin ciwon ƙafa su sami wurin zama a ciki. Wanda ya jira, naka ne. Kada ka ɗora sabon aiki a kan allo sai na kai ya sauka. Safiyarka kuma ka rufe mata ƙofa, ka rubuta a takarda ka manna cewa ana ganin mai gida bayan la'asar. A lokacin ido ya riga ya gama aikinsa, baki kuwa bai gaji ba. Ka ce wa Dogo da sauran su zo shan shayi, haka kawai, ba sai ka ɓoye a bayan zane ba. Babu laifi dattijo ya ce yana son a zo masa hira. Ɗanka ma ka gaya masa gidan ya yi maka shiru. Yana iya yiwuwa bai sani ba, in dai kullum lafiya lau kake ce masa.

Tafiyar rabin yini ba ƙarama ba ce ga jikinka. Ka sanar da 'yar Yaya tun gobe a tare ka a tasha, ka ɗauki magungunanka, ka nemi kujerar da za ka miƙe ƙafa. Kada ka saka takardar aiki ko ɗaya a jaka, kuma kada ka yanke ranar dawowa tun kafin ka isa.

Ba zan yi maka alkawarin za ta gane ka ba, wannan yana hannun Allah. Wataƙila ta gane ka da shigarka, wataƙila sai washegari, wataƙila ta dube ka kamar baƙo. In haka ta faru kada ka tashi, kuma kada ka ce ka makara. Ka ja kujera kusa, ka kama hannunta, ka ba ta labarin gidanku na da, ka kira mata sunayen 'yan'uwanku ɗaya bayan ɗaya. Ko ita ba ta san wanda ke zaune ba, kai ka san wadda ke kwance.

Allah ya kai ka lafiya, Baba, ya sa ka same ta idonta biyu.