Garafunin Bakin Waya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Ka ce mata ina nan ƙalau, kada ka ƙara komai.

Kai kam ba zan ɓoye maka ba, kankanar bana ta gonar da nake wa aiki ta lalace. Ganye ya yi dabbare-dabbare ya nannaɗe, 'ya'yan duk ƙuraje. Jiya malamar gona ta zo, ta zarce bakin wayar da ta kewaye gonar, inda garafuni ya yaɗu ya lulluɓe rumfar da muke hutawa. Ta ce a jikinsa cutar take zaune, shi kuwa kore shar, ƙananan ƙwari ke tsotsarsa su kai wa kankana. Babu magani sai tugewa.

Nan take maigona ya kori tsohon da ke mana cirar ciyawa, wai shi ya bar garafunin. Yaya, wata biyu da suka wuce tsohon nan ya ɗaga fartanya zai sare garafunin, ni na hana, da yake ni ne shugaban ma'aikata. Na ce, Baba, gari ba dangi ba bishiya, inuwar ma sai ka raba mu da ita? Ya yi dariya ya ce, to shugaba, sarkin hutu.

Har ya naɗe tabarmarsa bai ambace ni ba. Ni ma na yi gum. Shekara shida ina shan ranar gonar nan, ban taɓa jin sannu ba, amma wannan ba laifin tsoho ba ne. Na kasa zama wuri ɗaya.

Ƙaninka,
Dogo

Yaya,

Ina gaisuwa, ina gaida kowa.

Na faɗa wa maigona cewa ni na hana a sare garafunin. Ya zage ni tas, ban musa ba, asararsa ce. Mutum ne mai zafi, amma ba azzalumi ba. Ya ce in nemo tsohon ya koma aikinsa, ni kuma in an gama tuge kankanar in kama gabana.

Kwana biyu ina bin tasha-tasha, na same shi yana dakon buhuna. Na sauke masa buhun, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya share gumi, sannan ya ce, shugaba, ai tun ran nan nake jiran ka buɗe baki.

Ranar Asabar zan taso. A share mini ɗaki.

Naka,
Dogo